Dan Allah a taimaka: 'ya'yan tarwadar furojet ɗina na mutuwa kullum, ta ya zan gane ko farasayit ne?

Ɗalibar Masta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah duk wanda ya san harkar kifi ya taimaka min da shawara, wallahi hankalina a tashe yake. Ina masta ne a bayoloji, aikina gwajin guba ne, zan zuba maganin kashe ciyawa mai glyphosate a ruwa mataki-mataki in ga yawan da zai kashe rabin kifin cikin awa 96, bayan nan in ci gaba da ba su kaɗan-kaɗan har sati huɗu in duba jininsu da hantarsu da gil, wato jan abin nan na cikin kunnen kifi da yake numfashi da shi.

Na sayo 'ya'yan tarwada guda 300 a wata gonar ƙyanƙyasa a bayan gari, tsawonsu santimita 8 zuwa 10, kowanne kamar giram 6, na raba su a manyan robobi shida, hamsin hamsin, kowace roba lita 50 na ruwan bohol. Yau kwana tara kenan, ban ma buɗe kwalbar maganin ba suna zaman sabawa da wuri ne kawai, amma tun daga kwana na uku suka fara mutuwa, yau huɗu gobe bakwai, da na lissafa na sati ɗayan nan guda 41 ne suka tafi. Abin da nake gani: wasu sai su tsaya a tsaye cak a saman ruwa kai sama wutsiya ƙasa kamar an rataye su, wasu suna goga jiki da bangon roba da sauri su wuce, jikinsu ya yi wani fari-fari kamar an shafa musu koko, yauƙi ya yi yawa, gemun wasu ya lanƙwashe ya guntule. Abinci ma sun rage ci sosai. Ban ga ɗigon fari irin na gishiri ba gaskiya.

Wani a ajinmu yace in zuba tetirasaikilin, wata tace ganyen shuwaka ake matsawa, mai gonar da na kira shi yace sanyi ne kawai zai wuce. Sufabaizana ya yi tafiya sai ƙarshen wata. Duk wanda ya mutu ina ɗaure shi a leda in sa a firiza ko za a buƙata. Muna da maikiroskof a lab amma ni ban taɓa duba farasayit, wato ƙananan halittun da ke zama a jikin kifi suna ci daga gare shi, ba, a littafi kawai na gani. Ta ina zan fara dan Allah?

Baba Teknolojis

Wa alaikumus salam 'yata. Ki kwantar da hankalinki, abin da kike nema yana gabanki, silaid ne da maikiroskof da minti ashirin. Amma kafin komai kar ki zuba ko ƙwayar gishiri a ruwan nan sai kin duba, domin in kika zuba magani abin ya saki jikin kifin ba za ki taɓa sanin me ya kashe su ba, kuma gobe in kika sayo wasu haka za ki maimaita.

Na firizan nan kam ba su da amfani a wannan aikin. Farasayit ɗin da ke zama a fata da gil da zarar kifi ya mutu suke barin jikinsa ko su mutu su narke, ƙanƙara kuma tana fasa su gaba ɗaya. Shekara da shekaru ɗalibai na kawo min kifi a baƙar leda ya kwana ya fara wari su ce Baba duba mana, ni kuma ba abin da zan gani sai bakteriyar ruɓa. Kifin da kike so shi ne mai rai wanda ciwon ya bayyana a jikinsa, irin waɗanda kika ce suna ratayewa a saman ruwa. Ki ɗebo uku ko huɗu daga cikinsu daga robobi daban-daban, ki haɗa da guda biyu masu kama da lafiya don ki kwatanta, ki kai su gefen maikiroskof a cikin ruwan robarsu.

Ki sa safar hannu, ki jiƙa tawul ki kwantar da kifin a kai, ki yi hankali da ƙayar gefen nan ta tarwada. Ki ɗau kaba silif, wato ɗan siririn gilashin da ake rufe silaid da shi, ki kankaro yauƙin jikinsa a hankali daga kai zuwa wutsiya, musamman bayan fiffiken gefe da gindin wutsiya don nan suke taruwa, ba da ƙarfi ba kar jini ya fito. Ki ɗiga ɗigo ɗaya na ruwan robar a kan silaid ki kifa kaba silif ɗin a kai. Ruwan robar nace, ban da na famfo ban da distil, na famfo in akwai kulorin zai kashe su kafin ki kai ido, kuma motsinsu shi ne rabin ganewar. Ki duba nan take kar ki bari ya bushe. Ki fara da ƙaramin ido, sau 40, ki zagaye silaid ɗin duka sannan ki je sau 100, sau 400 sai in kin ga abin da kike son tantancewa. Ki rage hasken fitilar ki tsuke dayafram, yawancin ɗalibai haske suke ƙurewa su ce ba komai alhali abin garai-garai yake kamar ruwa, hasken ne ya wanke shi.

Na gil kuma, ki ɗaga murfin kunnen ki yanko 'yan zaruruwa kaɗan da ƙaramin almakashi, kaɗan fa, in ya yi kauri duhu kawai za ki gani. Tunda ƙanana ne gara ki kashe kifin tukun ba tare da azabtarwa ba, da man kanumfari mai yawa a ruwa ko MS-222 in kuna da shi, sai dai ki sani maganin barcin nan yana iya kakkaɓe wasu farasayit ɗin, shi ya sa nace ki fara kankarar fata kafin ki sa shi.

To ga abin da za ki iya cin karo da shi. In kika ga wani abu zagaye kamar faifai yana juyawa yana yawo, a tsakiyarsa akwai zoben haƙora kamar giyar keke, Trichodina ce, kuma daga bayaninki ita na fi zargi. In kika ga ƙaton ƙwallo mai duhu yana mirginawa a hankali da wani abu a cikinsa kamar harafin C, wannan Ichthyophthirius ne mai kawo ɗigon fari, yana iya kai milimita ɗaya, kuma wani lokacin a gil yake ɓuya ba a ga komai a fata ba, don haka rashin ganin ɗigon bai wanke shi ba. Chilodonella kuwa a baje take kamar ganye, tana son lokacin sanyi irin wannan. Akwai wata 'yar mitsitsiya Ichthyobodo, girmanta bai wuce ƙwayar jan jini ba, sai a sau 400 za ki ganta tana wutsil-wutsil. Sai tsutsotsi masu ƙugiya a gindi suna miƙewa suna takurewa kamar matsattsaku, in ba ta da ido kuma kina hango ɗa a cikinta dangin Gyrodactylus ce, in tana da ɗigon ido baƙaƙe huɗu a kai kuma a gil kika same ta to dangin masu yin ƙwai ne, a tarwada Quadriacanthus aka fi samu, a karfasa Cichlidogyrus.

Bayan nan ki farka cikin ki duba. Ki ciro hanjin a faranti da ruwan gishiri na lab ki tsaga shi a tsaye, tarwadar da ta tashi a tafkin ƙasa ko ta kogi ana samun jar tsutsa Procamallanus a tumbinta, da tsutsa mai gaɓa-gaɓa Polyonchobothrium a hanji, amma na ƙyanƙyasa masu wannan girman ba sosai ba. In kin ga fararen ƙulli a gil ki fasa ɗaya a silaid, in wasu abubuwa masu doguwar wutsiya suka watso Henneguya ce. Ki ɗora kyamarar wayarki a kan idon maikiroskof ɗin ki ɗau bidiyo ki turo mu gani.

Alhaji Mai Tarwada

Salam. Malama Allah ya ba da sa'a. Ni ban yi bokon kifi ba amma shekarata goma sha daya ina kiwon tarwada kuma abin da kika fada na sha ganinsa. Kifi hamsin a lita hamsin ba iska ba ruwa mai gudu ai sun yi yawa, kuma ban ji kin fadi sau nawa kike canza ruwa ba. Ki sunkuya ki shinshina robar, in kika ji zarni zarni to ruwan ne ya lalace da kashinsu da ragowar abinci. Sannan hunturun nan ba wasa ba ne, dan tarwada baya son sanyi ko kadan, mu a gona da daddare rufe tankin muke da leda, kuma ba ma canza ruwa da asuba sai rana ta daga don ruwan da ya kwana a tankin sama kamar kankara yake, in kika juye musu shi kai tsaye ko lafiyayye ne sai ya rataye. Abinci ki rage, wanda baya ci kar ki yi ta zuba masa yana rubewa a kasa.

Kuma kar ki rude da ganin tarwada na hawowa sama ta shaki iska ta koma, wannan dabi'arta ce tana da abin shakar iska a kanta, wanda ya tsaya a tsaye bai koma ba shi ne mara lafiya. Ni dai da nawa ne tun jiya na watsa musu gishiri, baya cutarwa kuma yana sa su zubar da yaukin nan. Baba yace a jira to shi ya san aikin lab, amma kifi na mutuwa fa ana kallo.

Baba Teknolojis

Alhaji maganarka ta ruwa gaskiya ce ɗari bisa ɗari, Trichodina ma ai 'yar ƙazamin ruwa ce da cunkoso, kaɗan daga cikinta kusan ko wane kifin gona yana ɗauke da ita ba ta yi masa komai sai ya galabaita take yawaita. Jiran da nace na safiya ɗaya ne kawai. Kai nama kake nema, ita kuma amsa take nema da za ta tsaya a gaban malamai ta kare. 'Yata ki auna zafin ruwan da asuba da kuma la'asar, ki auna amoniya da naitirait da pH da iskar oksijin in kuna da kit, ki rubuta a littafinki da kwanan wata.

Dakta Zebra

Ƙanwata sannu da ƙoƙari, na karanta saƙonki sai na tuna kaina. Baba ya gama miki bayanin yadda ake dubawa, ni ɓangaren da zan taɓa ba mai daɗin ji ba ne amma gara ki ji shi yanzu da ki ji shi ranar difens.

Gwajin awa 96 ɗin nan da za ki yi yana da ƙa'ida, ta ƙungiyar ƙasashen nan OECD mai lamba 203, kuma ita kusan kowa ke ambata a babi na uku. Ta ce bayan kifi ya huta awa 48 a ƙirga mutuwar kwana bakwai, in ta wuce kashi 10 cikin 100 a watsar da rukunin gaba ɗaya, in tana tsakanin 5 da 10 a ƙara musu kwana bakwai, in ƙasa da 5 ce a karɓa. Ke 41 cikin 300 kika ce, kusan kashi 14 kenan. Kuma a lokacin gwajin kansa in mutuwar kwantirol, wato kifin da ba a zuba wa maganin ba, ta wuce kashi 10 gwajin ya ɓaci. Yawan kifi a ruwa ma bai kamata ya wuce giram 0.8 a kowace lita ba, ke kina kan giram 6.

Dalilin da ya sa abin ya dame ni shi ne gil ɗin da kika ce za ki yanka ki duba. Abin da Trichodina da tsutsotsin nan masu ƙugiya ke yi wa gil shi ne su sa fatarsa ta yi kauri, ƙwayoyin su yawaita, zaruruwan su manne da juna, yauƙi ya ƙaru. To waɗannan ɗin dai su ne abin da ake rubutawa a ce guba ta jawo. Kin ga in kifinki na ɗauke da su tun farko za ki ɗau hoto mai kyau ki rubuta glyphosate ne ya yi alhali farasayit ne, ko su biyun suka haɗu ba ki da hanyar rabewa. Haka jini, PCV, wato ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin jini, zai iya sauka fararen ƙwayoyin jini su canza tun kafin ki ɗiga komai. Kifin da ya riga ya galabaita kuma ɗan kaɗan zai kashe shi, sai lissafinki ya nuna maganin ya fi ƙarfinsa na gaskiya guba.

Ni a Turai nake aiki a ɗakin kiwon zebrafish, wani ɗan kifi ne mai ratsi-ratsi bai wuce santimita 4 ba, asalinsa ƙoramun Indiya da Bangaladash da Nefal, George Streisinger na jami'ar Oregon a Amurka ne ya fito da shi a matsayin kifin bincike, aikinsa na 1981 shi ya buɗe ƙofar, yanzu ana nazarin cutar kansa da ciwon zuciya da ƙwaƙwalwa da shi saboda kusan kashi 70 na ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna da takwara a jikinsa. Ruwanmu a kan digiri 28 yake dare da rana, ana tace shi ana haska masa UV mai kashe ƙwayoyin cuta, duk da haka farasayit bai bar mu ba, sai dai namu ba irin wanda ake kankarowa a fata ba ne. Babban abin da ke damunmu sunansa Pseudoloma neurophilia, an raɗa masa suna a 2001, a cikin ƙwaƙwalwa da laka yake zama. Wani kifin zai rame ƙashin bayansa ya karkace, amma da yawa ba za ki ga komai ba, yana ci yana iyo yana ƙwai. Yana bi ta cin gawar ɗan uwa in ya mutu a tanki, yana kuma bin ƙwai daga uwa, kuma bilicin da muke wanke ƙwai da shi a ma'aunin da aka saba ba ya gamawa da shi.

Shekarata ta biyu ina auna yadda kifi ke firgita in an ƙwanƙwasa tanki, wata biyar ina tara sakamako, rukuni ɗaya da muka yi wa canjin ƙwayar gado kullum daban yake fitowa ina ta murna na samo wani abu. Ranar da mai kula da lafiyar kifinmu ta kira ni ta nuna min yankan lakar ɗaya daga cikinsu a maikiroskof, ga tarin ƙwayoyin nan cunkus a cikin jijiya an rina su sun yi ja, sai da na nemi kujera na zauna. PCR, wato gwajin da ke gano ƙwayar gadon cutar, ya tabbatar da yawancin rukunin na ɗauke da shi. An san ciwon nan yana canza yadda kifi ke amsa firgita, don haka ba yadda zan ce canjin gadon da muka yi ne ya jawo. Duka wata biyar ɗin na ajiye na sake daga ƙwai masu tsafta.

Shi ya sa a irin ɗakunanmu ba a jiran kifi ya nuna ciwo. Muna ajiye wasu kifaye 'yan gadi a tankin da ruwan da ya fito daga duk sauran tankuna ke bi ta cikinsa, su yi kamar wata uku sannan a yanka su a duba da PCR da kuma yankan nama. Ana ɗebo dattin ƙasan tanki ma a duba, nan ake kama ƙwan wata tsutsar hanji Pseudocapillaria tomentosa, ƙwan kamar ganga yake da toshi a kowane baki, ita kuma an danganta ta da fitowar ƙari a hanji, kin ga mai binciken cutar kansa in tana cikin kifinsa ya shiga uku. Duk kifin da ya zo daga waje ɗaki daban yake zama, ƙwansa kawai ke shiga babban ɗaki. Akwai cibiyar zebrafish mai suna ZIRC a garin Eugene na Amurka da ke karɓar samfur daga ɗakunan bincike tana dubawa.

Na san ba ki da PCR a hannu kuma ba kya buƙatarsa, abin da ke jikin tarwadarki silaid zai nuna shi. Amma tsarin ɗaya ne, a duba kafin a fara a kuma rubuta. Kuma ki riƙa sa safar hannu ko da yaushe musamman in kina da yanka a yatsa, akwai Mycobacterium marinum da ke kama mutum daga ruwan kifi ya yi ƙurji mai wuyar warkewa.

Ɗalibar Masta

Na gode Baba, na gode Alhaji, Anti Dakta na gode duk da maganarki ta hana ni barci jiya. Yau ƙarfe takwas ina lab. Silaid na farko ban ga komai ba sai kumfa, sai na tuna maganar haske na tsuke dayafram ɗin, wallahi Baba sai ga su kamar an watsa kwabbai, zagaye zagaye suna juyawa wasu suna kifewa ta gefe kamar hula, zoben haƙoran nan ya fito ras a sau 400. A fili ɗaya na sau 100, wato iya abin da ido ke gani a maikiroskof lokaci guda, na ƙirga 30 da wani abu na gaji na bari. Sannan a kifi na biyu da na uku na ga tsutsar, ta kafa gindinta a wani guntun fata tana miƙa kai tana lalube, ba ido, kuma a tsakiyarta ina hango wasu ƙugiyoyi na biyu a ciki, na kira wata ƙawata ta gani ita ma ta ce ɗan ne. A gil Trichodina ce kawai amma ba ta kai ta fata yawa ba, ban ga mai harafin C ba ko ɗaya. Waɗanda nake cewa lafiyayyu ma suna da ita, shida zuwa goma a fili. Hanji ba komai.

Ruwa kuma da asuba digiri 19, la'asar 24. Kit ɗin amoniya ya ƙare a lab ɗinmu, pH 7.8. Gaskiya Alhaji kwana bibbiyu nake canza ruwa kuma da sassafe nake yi kafin lakca, zarnin ma akwai. Na tura bidiyon. Yanzu tambayata, in na yi musu magani suka warke ba zan iya amfani da su ba? Kuɗin kifin nan daga aljihuna ne, ga transifot ga abinci.

Baba Teknolojis

Madalla 'yata, na ga bidiyon, aikinki ya yi kyau. Trichodina ce ba shakka, tsutsar kuma dangin Gyrodactylus ce, abin da kika hango a cikinta ɗa ne da ƙugiyoyinsa, kuma shi ma ɗan akwai wani a cikinsa tun bai fito ba, shi ya sa guda ɗaya in ta samu cunkoso kwana kaɗan ta cika roba. A tarwada akwai babbarta Macrogyrodactylus, ba zan yanke miki ko wacce ba ce daga bidiyo sai an auna ƙugiyoyin. Ki tsinci kaɗan da allura ki sa a ethanol mai ƙarfi, ki shafa yauƙin a silaid biyu uku ki bari su bushe a iska, in an samu silba naitiret kashi 2 a rina a shanya a rana haƙoran za su fito a iya faɗin nau'in. Gil kuma ki sa wasu a fomalin kashi 10, ruwan ya ninka naman sau goma, za su yi miki amfani ki ga yadda gil mai farasayit yake tun ba guba.

Ki ƙirga da tsari, kifi nawa kika duba, nawa ke ɗauke da ita, kowanne guda nawa a fili biyar, a rubuce.

Magani kuma yanzu Alhaji ya samu hanya. Ki rarraba su a ƙarin robobi, ki canza ruwa kullum da wanda ya zauna a ɗaki ɗaya da su zafinsu ya daidaita, ki sa gishiri mara ayodin giram 3 a kowace lita na 'yan kwanaki, Trichodina za ta ragu sosai in ruwan ya gyaru. Tsutsar ta fi taurin kai, fomalin ake sa mata mililita 2.5 a lita 100 da iska mai ƙarfi don yana cinye oksijin, kuma in kin ga farin gari ya kwanta a gindin kwalbar kar ki taɓa amfani da shi guba ne, ko kuma praziquantel in likitan dabbobi ya auna miki. Tarwada ba ta da ɓawo, magani na saurin shigarta, ki gwada a kan guda biyar tukun. Tetirasaikilin ba ruwansa da waɗannan. Bayan kwana uku ki sake kankara ki gani. Raga da tiyo da bokiti kowace roba da nata.

Dakta Zebra

Ƙanwata na san zafin kuɗin, amma a'a, kar ki yi babban gwajin da su. Sun riga sun faɗi ƙa'idar kashi 10, kuma ba a son kifin da aka yi wa magani cikin sati biyu kafin gwaji, gil ɗinsu ma zai ɗau lokaci kafin ya koma daidai. Ki yi musu maganin kamar yadda Baba ya ce, ki koyi ɗibar jini da yanka da su hannunki ya faɗa, ki tura wa sufabaizanki bidiyon da lissafin 41 ɗin yau ta WhatsApp kar ki jira ya dawo. Sabon rukuni kuma ki je gonar da silaid ɗinki ko ki sayi goma tukun ki duba a ranar, in suna da tsafta ki karɓi sauran. Ki wanke robobin da bilic ki ɗauraye sosai ki shanya su bushe ƙurmus a rana. Ranar da za ki fara gwaji ki sake kankarar guda goma, ranar gamawa ma ki duba na kwantirol, ki sa duka a babi na uku.

Alhaji Mai Tarwada

Malama in za ki sayi sabbi ki bari sai wajen karfe goma ki dauko su, a jarka mai yankakken baki ba cunkoso, kar a ba su abinci ranar. In kin iso ki dora jarkar a cikin robar ki rika zuba ruwanki kadan kadan kamar rabin awa kafin ki sake su. Tsofaffin in sun warke kar ki zubar, ki ba wani mai tanki ya karasa kiwonsu daban.

Ɗalibar Masta

To shikenan na ji. Na tura wa Malam ya amsa yace in dakata da gwajin, zai yi magana a ba ni aron manyan tankuna biyu na sashe da injin iska. Tsofaffin na raba su roba goma na sa gishirin tun azahar, na rufe tagogin lab ɗin da kwali saboda iskar dare. Baba ranar Alhamis in Allah ya kai mu zan sake kankara in turo maka ƙirgen, silaid ɗin da na shanya guda huɗu ne suna cikin akwati.